Minti Biyar da Suka Kusa Raba Garkar Mata

 Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na jihar Maraɗi. Yau ina so in ba ku labarin wani ɗan agogo, wanda ya kusa raba mutanen da suka yi shekaru suna zaman lafiya. Watakila akwai irinsa a ɗakinka, ko a shagonka, ko a wurin aikin ƙungiyarku. Agogo ne mai lambobi, ba shi da hannu, da pil yake aiki. Awa da minti kawai yake nunawa, kamar haka: 11:00. Ba ya nuna sakan, wanda wasu ke ce wa daƙiƙa. Ka karanta a hankali. In ka kai ƙarshe, za ka iya gyara naka da hannunka, ba tare da ka kashe ko dala ɗaya ba.

Yadda rigimar ta tashi

Matan ƙauyenmu suna da garka ta noman rani. Su 18 ne cikin ƙungiya. Suna shuka salati, da shu, da albasa, da tumatir, da zogale. Rijiya ɗaya gare su, famfo ɗaya, tiyo ɗaya. Famfon da hasken rana yake aiki, saboda haka ruwa ya fi zuwa da ƙarfi daga hantsi zuwa bayan azahar. Sai suka raba lokaci: daga ƙarfe 9 na safe zuwa ƙarfe 3 na rana, kowace mace minti 20. Yi lissafi da kanka: 18 sau 20, minti 360 ke nan, wato awa 6 daidai.

Mai riƙe da makullin famfon wani dattijo ne, ɗalibina. Ya haura shekara sittin kafin ya koyi lambobi a ajinmu na dare. Don ya iya karanta agogo ne matan suka ba shi wannan aiki, suna ɗan ba shi na goro kowane wata. Yana alfahari da aikin ƙwarai. Agogon yana rataye a jikin kwanon rumfar famfo. Shi ke dubawa, shi ke cewa: "Wance, lokacinki ya cika, ba wance tiyo."

Wata rana cikin watan Afrilu, zafi ya tsananta, shuka duk ta yi laushi, aka aiko yaro ya kira ni da gudu. Na tarar da garka ta kaure da hayaniya. Wata tsohuwa, wadda duk muke ce wa Inna, tana tsaye tana huci, jikanta yana gefe riƙe da ƴar salularsa.

Ta ce: "Malam, ɗana, zo ka raba mu. Lokacina ƙarfe 11 ne. Salular jikana ta ce 11:05, shi kuwa wai lokacina bai yi ba sai yanzu. Kullum haka yake yi mini. Na san dalili, don wadda ke gabana matar ƙanensa ce."

Dattijon ya ce: "Haba Yaya, ki ji tsoron Allah. Ga agogo nan a bango, ba ni na ƙera shi ba." Sai ya ciro makullin daga wuyansa ya miƙo mini. Ya ce: "Mushe, karɓi makullinku. Da furfurata ba za a ce mini ɓarawon ruwa ba."

Na ce: "Baba, riƙe makullin tukuna. Inna, ki yi mini haƙuri zuwa la'asar. Mu tambayi agogon kansa."

Ina faɗin haka ne gabana yana faɗuwa, domin na tuna wani abu. Ni na saita agogon nan cikin watan Nuwamba, ranar da aka sayo shi. Na duba salulata, na danna, na rataye, na yi tafiyata. Wata biyar ban sake waiwayarsa ba.

Da wane agogo za a yi awo?

Mai sayar da gero ba ya auna tiya da tiyar da ba a yarda da ita ba. Haka ma lokaci. Kafin ka ce agogo ya yi ƙarya, sai ka sami wanda ka amince da shi.

Da la'asar muka tara salula huɗu a kan tabarma. Uku daga cikinsu suna ɗaukar lokaci da kansu daga rezo. Muka zuba musu ido. Da minti ya cika, duk ukun suka juya kusan tare. Ta jikan Inna kuwa da hannu aka saita ta, ita kaɗai take tafiyarta. Nan muka yarda mu yi awo da ukun nan. Lokacin da rezo ke bayarwa yana fitowa ne daga manyan agogunan da masana ke tsaro, waɗanda ba su kuskuren sakan ɗaya cikin shekaru dubbai. In kana da salula, shiga wurin saita kwanan wata da lokaci, ka zaɓi ta riƙa ɗauka da kanta. Kuma ka gwada ta da ta wani, don ka tabbata.

Wanda ba shi da salula yana iya amfani da rediyo. Gidan rediyon BBC na Ingila ya fara buga wasu ƴan ƙararraki shida a kan cikar awa tun 1924. Yadda suke yanzu, biyar gajeru ne, ta shida doguwa, kuma farkon doguwar shi ne cikar awa daidai. In tashar da kake kamawa tana buga irinsu, ka yi awo da su. Amma bakin mai gabatarwa da ya ce "yanzu ƙarfe bakwai" bai isa awo ba, yana iya yin gaba ko baya. Rediyon da ake saurare ta intanet shi ma yana makara. Ka tuna kuma, lokacin Nijar yana gaban GMT da awa ɗaya.

Inda agogo ke ɓoye sakan ɗinsa

Ga abin da nake so ka riƙe, ko da ka manta da sauran. Agogon da ba ya nuna sakan yana ƙirga su a cikinsa. Minti ɗaya sakan 60 ne. In ka ga 11:00, watakila yanzu ya shiga, watakila saura ƙiris ya zama 11:01. Ba ka da hanyar sani. Amma sau ɗaya cikin kowane minti asirinsa yana tonuwa: daidai lokacin da lambar ƙarshe ta juya. A wannan ƙiftawar ido sakan ɗinsa yana kan sifiri. Wanda ya kama lokacin juyawar nan ya ga cikin agogo.

Akwai kuma wani taimako. Dubi ɗigo biyun da ke tsakanin awa da minti. A agoguna da yawa suna ƙiftawa, sau ɗaya kowane sakan. Ka gwada naka: fara ƙirga daga juyawar lamba zuwa juyawa ta gaba. In ka sami 60, to, ka sami ma'aunin sakan kyauta.

Haka muka yi. Na ce wa matan su zuba wa agogon ido. Ni kuma ina kallon salulata. Da ta juya 17:00, wato ƙarfe 5 na yamma, na ce: "To!" A lokacin agogon rumfa yana nuna 16:56. Muka fara ƙirga ƙiftawar ɗigo da murya ɗaya. Duk sanda muka kai 60, Baba ya ajiye tsakuwa ɗaya, mu sake daga fari. Tsakuwa uku suka taru, muka ƙara 40, sannan agogon ya juya 17:00. Ashe yana baya da minti 3 da sakan 40.

Sai muka auna salular yaron da wannan hanya. Ita kuwa gaba take, da minti 1 da sakan 20. Haɗa su ka gani: minti 5 cif. Ga minti biyar ɗin Inna sun fito. Ba Baba ya ci su ba. Agogo ya ja baya, salula ta yi gaba, mutane biyu masu gaskiya suka tsaya a tsakiya suna zargin juna. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na tashi na ce: "Inna, Baba, ku gafarce ni. Rabin laifin nawa ne. Ranar da na saita shi ban jira juyawar minti ba, kuma ban koma na duba shi ba."

Me ya sa agogo ke ja baya?

Cikin irin wannan agogo akwai wani ɗan farin dutse da ake kira kwats. An yanka shi ƙanƙane, da baki biyu kamar gwafa, tsawonsa bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. In wutar pil ta taɓa shi sai ya yi ta rawa, sau 32,768 cikin kowane sakan. Agogon yana ƙirga rawar nan. In ta cika, ya ce sakan ɗaya ya wuce. Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara sayar da agogon hannu mai irin wannan dutse, a 1969. Kafin nan agogon wani aka fi sani, wanda ake murɗa wa kai kowace safiya.

To, ba duk dutse ake yankawa daidai wa daida ba. Wani yana ɗan sauri, wani yana ɗan nawa. Agogo mai kyau yakan yi kuskuren kamar sakan 15 a wata. Mai araha yakan fi haka. Ka san yini da kwana sakan 86,400 ne. Kuskuren sakan 2 a cikinsu kamar ba komi ba ne. Amma da yayyafi kogi kan cika. Sakan 2 kullum, cikin kwana 30 minti ɗaya ke nan.

Abu na biyu shi ne zafi. Dutsen nan an yi shi ne don ya yi aiki daidai a wajen digiri 25. In zafi ya wuce haka sai ya rage sauri. In sanyi ya yi yawa, nan ma ya rage sauri. Mu kuwa nan ƙasar Maraɗi, cikin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle a jikin kwano da rana tsaka. Agogon hannu ya fi samun sauƙi, domin jikin mai shi yana tsare shi daga zafi mai yawa da sanyi mai yawa. Namu kuwa mun rataye shi a wurin da ko ƙadangare ba ya daɗewa.

Mutane da yawa suna ɗora laifi a kan pil. In pil ya yi sanyi, abin da za ka fara gani shi ne lambobi sun dushe. Da ka ga haka ka sake shi, kada ka jira agogo ya mutu. Akwai kuma wasu agogunan da ake jonawa da wutar lantarki, waɗanda ke ƙirga bugun wutar, sau 50 a sakan. Irin waɗannan, in aka jona su da injin janareta, suna iya gudu ko nawa ƙwarai. A ƙauye mai pil ya fi.

Yadda ake saita shi daidai

Ga yadda muka yi, bi da bi.

Na ɗaya: ka shiga wurin saiti, ka sa awa. Wurin minti kuwa, ka sa mintin da ke zuwa. In salula tana nuna 17:19, kai ka sa 17:20.

Na biyu: ka ɗora yatsa a kan maɓallin da ke gama saiti, kada ka danna. Idonka yana kan salula.

Na uku: da salula ta juya 17:20, ka danna nan take.

Na huɗu: ka gwada aikinka. Ajiye su gefe da gefe, ka jira minti na gaba. In sun juya tare, ka gama.

In ba su juya tare ba, to, agogonka yana cikin waɗanda ba su mayar da sakan kan sifiri wajen saiti. Kada ka damu, akwai wata dabara. Cire pil, ka jira har lambobi su ɓace sarai. Riƙe pil ɗin a bakin raminsa. Da salula ta juya sabon minti, ka tura shi. Yawancin agoguna suna fara ƙirga sakan ne daga lokacin da wuta ta shige su. Daga nan sai ka gyara awa da minti a natse, ka sake gwada su gefe da gefe. Namu sai da muka yi masa haka, kuma sai a karo na biyu hannuna ya dace. In naka ya ƙi a karon farko, ka sake.

Aikin kaye da bik

Saiti na rana ɗaya bai isa ba, domin agogo zai koma halinsa. Abin da ya rage shi ne ka san halin nasa. Na ba Baba kaye da bik. Na ce kowace Lahadi da la'asar ya ari salular jikan Inna, wadda yanzu muka sa ta ɗauki lokaci daga rezo, su ƙirga ƙiftawa tare, ya rubuta.

Lahadin farko ya zo mini da kaye, ya rubuta da manyan lambobinsa: baya da sakan 14. Kwana 7, sakan 14, wato sakan 2 kowace rana. Sai muka ɗauke agogon daga jikin kwano. Muka rataye shi cikin ɗan ɗakin lakar da ake ajiye iri, daf da ƙofa, inda ake hango shi amma rana ba ta taɓa shi. Muka sake saiti. Ga abin da ya rubuta bayan haka:

Sati na 1: baya da sakan 9
Sati na 2: baya da sakan 19
Sati na 3: baya da sakan 27
Sati na 4: baya da sakan 36

Ka gani? Inuwa kaɗai ta rage kuskuren daga 14 zuwa wajen 9 a sati. Kuma ka lura, jan bayan nasa kusan iri ɗaya ne kowane sati. Kamar jaki ne da ka san tafiyarsa: in ka san zai makara, sai ka yi sammako.

Nan Baba ya ba ni mamaki. Ya daɗe yana kallon kayen, sannan ya ce: "Mushe, tun da mun san cikin sati huɗu zai ja baya da 36, me zai hana mu ba shi guzuri? Mu sa shi gaba da rabi." Na ce: "Baba, nawa ne rabin 36?" Ya yi zane a ƙasa, ya ce 18. Wallahi ban koya masa wannan dabara ba, lissafin rabawa kawai na koya masa.

Haka muke yi yanzu. Sau ɗaya cikin sati huɗu muna saita agogon gaba da sakan 18. Yaron yana buɗe wurin ƙirga sakan na salularsa. In minti ya juya, ya ƙirga 42, Baba ya danna, tun saura 18 sabon minti ya shiga. Sati biyun farko agogo yana ɗan gaba, a tsakiya ya yi daidai, sati biyun ƙarshe yana ɗan baya. Kuskurensa ba ya wuce sakan 18 ta kowane gefe. In agogonka sauri yake yi, sai ka juya dabarar, ka sa shi baya da rabi. Kuma kada ka bar rubutu, domin lissafin bazara daban ne da na lokacin ɗari.

Abin da Inna ta yi gaskiya a kai

Kada ka ce tsohuwar nan ta yi hayaniyar banza. Ruwa ba ya tsami banza. Da muka zauna muka duba, jan bayan agogo bai rage wa kowa ruwa ba, layin ne duka ya matsa baya tare. Amma akwai wata ɓarna ta gaske da ba wanda ya lura da ita. Baba yakan duba agogo ne in ya tuna. Wani lokaci ya ga 11:00 tana sabuwa, wani lokaci ya gan ta saura ƙiris ta wuce. Ta haka wata mace tana samun kusan minti 21, mai bi mata ta sami 19. Minti ɗaya na tiyo cikin bazara, fangali guda ne na albasa. Mai fangalin ta san zafinsa.

Maganin wannan ma yana wurin juyawar lamba. Yanzu in saura minti ɗaya, Baba yana zuwa bakin ƙofa ya tsaya, idonsa a kan 10:59. Da ta juya 11:00 sai ya buga wani guntun ƙarfe da ya rataye a reshen dogon yaro. Kowa ya ji, mai tiyo ta miƙa. Ba a ƙara jiran bakin kowa.

Kwana biyu bayan ƙirgar tabarma, Inna ta aiki jikanta gidan Baba da ƙwarya cike da albasa da goro biyar. Ba ta ce komi ba, shi ma bai ce komi ba. Washegari na gan shi a garka, makulli yana wuyansa, kaye yana aljihu.

Ɗan'uwa mai karatu, in akwai agogo irin wannan a wurinku, wanda ake raba ruwa da shi, ko layin injin niƙa, ko lokacin shan magani, ka gwada abin da na faɗa cikin satin nan. Nemi salular da ka yarda da ita, jira juyawar lamba, ƙirga ƙiftawa, rubuta a kaye da kwanan wata. Bayan sati ɗaya ka sake. Sannan ka rubuto wa wannan jarida da hannunka, ka gaya mana sakan nawa naka ya yi, gaba ko baya, kuma a ina yake rataye. Ka karanta wa maƙwabcinka da bai iya karatu ba tukuna. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa wa garake albarka.